Tagar Da Ta Ƙi Rufuwa A Gaban Kawu Sale

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a ƙauyenmu kusa da Watari ba. Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi ce, na gama karatun kwamfuta na dawo gida ba aiki, sai cin tuwon Inna da iyayi. Ƙungiyar masu noman rani kuwa kullum cikin rigima take kan wanda zai fara shayar da gonarsa. Na ce zan haɗa musu manhajar rabon ruwa, su ɗauke ni magatakarda. Kawu Sale, shugaban ƙungiyar, ya ce a gwada ni.

Bari in yi maka bayani kaɗan. A tsarin tagogin allon kwamfuta da nake aiki da shi, kowane saƙo yana da suna, kamar "rufe taga", amma kwamfuta da lamba take aiki. Sai ka tambaye ta lambar sunan, ta ba ka, ka riƙe har ƙarshen zaman. An kashe an kunna, ko an canja kwamfuta, to sai ka sake tambaya. Malaminmu ya sha faɗa. Ni kuwa, gwanin duniya, na tambaya sau ɗaya a kwamfutata, na rubuta lambar daram a cikin manhajar (wai ina rage wa batir wahala).

Ga kuma wani shirmen. Da nake gwaji, ban sa sunayen mutane na gaskiya ba. Na buɗe wata taga ta daban na cika ta da sunayen da muke kiran dattawa a bayan ido.

Ranar nunawa batirina ya mutu, mai cajin garin ya rufe shago saboda tsadar mai. Malamin gona ya ara min tasa kwamfutar da majigi. Bayan la'asar dattawa suka cika ajin firamare, na tashi manhajar ina hura hanci. Abin da ya fara fitowa a bango, ɓaro-ɓaro, tagar gwajin ce.

Na danna rufewa. Shiru. Na sake dannawa. Wayyo Allah! Wannan kwamfutar wata lamba take aikowa, manhajata kuma ta kafe tana jiran tsohuwar. Gumi ya jiƙa min riga sharkaf.

Yawancinsu ba sa karatun boko, har na fara samun sa'ida. Sai Kawu ya nuna bangon da sandarsa.

"Ɗana, karanto mana. Wa ke farko?"

"Kawu, ai wannan gwaji ne kawai..."

"Malam, taimake shi," in ji Kawu.

Malamin gona ya gyara tabarau, ya karanta tiryan-tiryan: "Litinin, Ɓarawon Ruwa, gonar bakin kwalbati."

Gona ɗaya ce a bakin kwalbati, kuma ta Kawu ce. Sai wani tsoho ya tuntsire da dariya har da buga ƙafa. Bai san shi ne na Talata ba, Sarkin Rowa.

Aikin dai ɗan Sarkin Rowa aka ba, da littafi da biro. Ni kuma na koyi tambayar lamba duk lokacin da aka kunna kwamfuta, na koyi sa "manomi na ɗaya" a gwaji. Har yau in na je gaishe da Kawu, sai ya bari na durƙusa tukuna ya ce, "Injiniya, tagar ta rufu kuwa?"