Tsugunnon Da Na Yi A Ruwan Godiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je neman aure Ruwan Godiya ba. Ba nawa ba kuwa, na Nasiru ne, ɗan ƙanena. Ni ne babba a gidanmu, don haka ni aka sa gaba.

Sai na fara gaya maka abin da ke jikina. Ina da shekara bakwai na faɗo daga amalanken shanu, taya ta bi ta kan ƙuguna. Aka kai ni asibiti a birni, aka yi mini aiki, aka haɗa ƙashin da ƙarfe. Na warke, na ci gaba da guje-guje kamar kowa. Amma likita ya riga ya gaya wa mahaifina cewa wannan ɓangaren ba zai girma daidai da ɗan'uwansa ba. Haka kuwa aka yi. Dama ta yi ta girma, hagu ta tsaya kallonta. Yau ƙafar hagu ta gaza da kamar yatsa biyu, ƙugun kuma ba ya lanƙwasuwa sosai. Ko a sallah miƙe ta nake yi in zan zauna. Duk unguwarmu a Ƙanƙara an sani, ba wanda ya damu.

To, mutanen Ruwan Godiya ba su sani ba. Ƙanena ya ja ni gefe ya ce waliyyin yarinyar, Alhaji Mani, mutum ne mai bincike, ya taɓa korar wani manemi don an ce akwai ciwon gado a danginsu. "Yaya, ka dai yi a hankali, kada ya ɗauka abin a jini yake." Maimakon in ce in an tambaya zan yi bayani, sai na nufi wurin shumeka ya ƙara wa takalmin hagu tudu, na zuba babbar riga har ƙasa. (Da furfurata, ina ɓoyon ƙafa kamar kayan sata.)

Abin da na manta shi ne ba a shiga zauren dattawa da takalmi. A bakin ƙofa dabarata ta ƙare. Na dai lallaɓa na shiga a hankali, kamar mai natsuwa. Ni a gida rusunawa kawai nake yi in zan gaida manya, amma ranar nan don kada a gane, sai na tsugunna har ƙasa, abin da na shekara ashirin ban yi ba. Na ji ƙugun ya ce ƙas. Shi ke nan, ya kulle.

Alhaji Mani ya ce, "Malam, bismilla, ga tabarma."

Na ce, "A'a Alhaji, nan ma ya isa."

"Haba, tashi ka zauna mana."

"Gabanka, Baba? Ina!"

Ya juya ya dubi mutanensa. "Kun gani ko? Wannan ita ce tarbiyya. Ba irin 'yan zamani da ke gaishe ka tsaye kamar falwaya ba."

Abin takaici, dattawa uku da suka rako ni, da suka ga jagora bai zauna ba, su ma ba halin su zauna. Har da Malam Idi maƙwabcina, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa. Ina jin hararsa a ƙeyata. A haka na gabatar da buƙata, gumi yana bin bayana, muryata na rawa, su kuwa sun ɗauka kunya ce. Alhaji ya ce, "Gidan da babbansu ke haka, ban da abin bincike. Na ba ku." Aka shafa fatiha, kowa ya miƙe. Ni ina nan.

"Malam, ai an ba ku. Ko da saura?"

Na dubi ƙasa, na dubi rufi, ba mafita. Na ce, "Alhaji, wallahi ba ladabi ba ne. Tashi na kasa yi."

Shi da Malam Idi suka kama ni ta hammata suka ɗaga kamar buhun masara. Na tsaya a karkace, ba takalmi, ba rufin asiri. Nan na zayyana komai, tun daga amalanke har shumeka.

Alhaji ya ce, "To mi ya hana ka faɗi tun farko? Amalanke ai ba a gadonta. Abin da zan bincika yanzu shi ne ko ana gadon ɓoye-ɓoye a gidanku."

Sati uku yana aika mutane Ƙanƙara suna tambayar halin Nasiru, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, duk ya rame. Allah ya taimake ni ba a samu komai ba, aka ɗaura aure.

Yanzu duk zauren da na shiga, kafin a gama amsa sallama na ce, "Ku taimaka da kujera, ƙuguna ba ya tsugunno." Ba wanda ya taɓa hana ni. Shekara arba'in da ɗoriya ina jan ƙafar nan, ba ta taɓa ba ni kunya ba sai ranar da na ji kunyarta.