Yadda Ɗari-bisa-ɗari Ya Yaye 'Yan Ƙwallo

Duk kwalejin da Allah ya nufa da alheri, sai ya ba ta Daraktan Wasanni irin namu. Mutum ne cikakke, mai kwarjini, mai tumbi daidai da muƙaminsa. Usur ba ya rabuwa da wuyansa ko dubiya zai je asibiti. Kayan motsa jikinsa kullum a goge suke, kuma tun ranar da aka sayo su gumi bai taɓa ci musu mutunci ba. Ofishinsa yana hawa na biyu. Idan ya kai tsakiyar matakala yakan tsaya ya dafa bango, ba don haki ba, a'a, don ya duba lafiyar ginin ne.

Ɗalibai suna kiransa Ɗari-bisa-ɗari, shi kuma yana amsawa da fara'a. Wasu malamai marasa kunya suna ce masa Mai Kashi, saboda ba ya buɗe baki bai ce kashi kaza cikin ɗari ba. Sai dai idan ya juya baya, sukan ja farkon kalmar fiye da yadda lissafi yake buƙata.

Sunan ya samo asali ne daga taron malamai na ƙarshen shekara. A nan yake miƙewa, ya gyara usur, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe Shugaba, 'yan'uwana malamai, kowa ya san ni ba na son yabon kai. Amma lissafi ba ya ƙarya. A cikin ɗalibai ɗari da ke shiga kwalejin nan, sittin da uku ne kawai ke fita da takardar kammalawa. Sauran kuwa sai dai mu ce Allah ya kyauta. To 'yan wasana fa? Ɗari bisa ɗari! Shekara huɗu a jere! Ku kuna da allo, kuna da littattafai, kuna da fanka. Ni ba ni da komai sai wannan usur. Ina tambaya cikin ladabi, wa ke koyarwa a makarantar nan?"

Malamai sai su sunkuyar da kai. Shi kuma ya ɗauka kunya ce.

Irin wannan nasara ba ta faɗowa daga sama, da ilimi ake yin ta. Darakta yana da wani koren fayil mai ɗauke da sunayen 'yan wasan kwalejin, kuma saboda hangen nesa, da fensir yake rubuta su. Kowace shekara, saura mako biyu a kafe sakamako, yakan leƙa ofishin jarrabawa don sada zumunci. Ya tambayi lafiyar iyali, ya yaba sabon labule, idonsa kuwa yana kan tebur. Daga nan sai ya koma ofis ya kulle ƙofa ya ɗauko abin goge fensir.

Hujjarsa a fili take, ko alƙali ba zai ture ta ba. Ɗan wasa na gaskiya ba ya faɗuwa jarrabawa. Saboda haka duk wanda ya faɗi, ai dama can ba ɗan wasa ba ne, ɗalibi ne kawai. Da an goge shi sai ya faɗa cikin lissafin sauran ɗalibai, ya ƙara ja musu alƙalumansu ƙasa. Da haka Darakta yake samun abin yi wa malamai faɗa a taron baɗi.

Guraben da suka buɗe kuwa, a ɗakin karatu yake cike su. Yakan shiga a hankali, ya nemi masu tabarau da ke zaune kusa da taga, waɗanda ba su taɓa cin ƙasa da saba'in ba. Ya ba kowa riga mai lamba, a ɗauki hoto, shi ke nan. Wata yarinya da ta zo ta ɗaya a ilimin sinadarai, a ranar bikin yaye ɗalibai ta ji an sanar cewa ita ce kyaftin ɗin masu jifan mashi. Har waigawa ta yi ta ga ko da wata mai irin sunanta.

Kada wani ya ce 'yan wasan na ainihi daƙiƙai ne. Lokaci ne ba su da shi. Atisaye daga ƙarfe bakwai na safe zuwa sha ɗaya, daidai lokacin da ake cikin aji. Gasa kuma ba ta tashi faɗowa sai makon jarrabawa. Darakta yakan tsaya a ƙofar bas ya ɗaga hannu.

"Ku je ku ciyo mana kofi! Maganar jarrabawa ku bar ta a hannuna. Zan yi magana da malamanku."

Kuma yana cika alkawari. Duk malamin da ya gamu da shi a hanya sai ya yi masa magana. Yakan ce, "Ina kwana, yaya aiki?"

A cikin waɗanda suka shiga bas ɗin shekara huɗu har da Gola, mai tsaron ragar kwalejin. Ɗan yayar Darakta ne, ciki ɗaya. Yayar tela ce, kuma ita ta riƙe Darakta tun yana aji biyu bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gola ya ciyo wa kwalejin kofi biyu, ya karya yatsa ɗaya, ya kuma rasa jarrabawa uku yana cikin bas. Da Darakta ya iso kan sunansa a fayil, zuciyarsa ta karye. Ya daɗe yana kallon sunan. Sannan ya goge shi a hankali, ya hure ƙurar da tausayi irin na ɗan'uwa.

Bayan an kafe sakamako da kwana uku, Gola ya hau matakala ya yi sallama.

"Kawu, an ce sunana ba ya cikin masu kammalawa. A jerin 'yan wasa ma an ce babu ni."

"Ɗana, a ofis babu kawu, Darakta ake cewa. Kuma kai yanzu ba ɗan wasa ba ne, ɗalibi ne kawai. Ka je ka ga malamanka."

"Ai kai ka ce za ka gan su."

"Na gan su. Suna gaishe ka."

Gola ya sauko. Bai iya gaya wa mahaifiyarsa gaskiya ba, sai ya ce mata sakamakon ne bai fito ba. Ya koma shagonta yana guga da sa maɓalli, yana jiran abin da ya san ba zai zo ba.

Ana cikin haka aka kawo sabon Shugaban kwaleji, mutum mai saurin yarda da mutane. Ya ji jawabin Darakta sau ɗaya, ya kusa yin hawaye. Nan take ya yanke shawarar a gayyato shugabannin kwalejojin maƙwabta su zo su koyi darasi. Kuma don a gani da ido, 'yan wasan da aka yaye bana, waɗanda ke cikin koren fayil, za su buga wasan sada zumunci da kwalejin da ke ƙetaren titi.

Darakta ya yi maza ya miƙe. Ya ce ai yaran sun watse, kowa ya kama gabansa. Sai shugabar ofishin rajista, wata dattijuwa da ake kira Uwar Rajista, ta ɗaga hannu. Sau biyu a baya ta taɓa tambayar Darakta yadda yake ƙirgensa, ya ce mata lissafin wasanni daban yake da na mata masu zaman ofis.

"Ranka ya daɗe, ina da lambar wayar kowannensu," in ji ta. "A ba ni fayil ɗin kawai."

Ta faɗi haka da murmushi mai kyau ƙwarai.

Washegari da hantsi aka ga motar Darakta a ƙofar shagon yayarsa, inda rabonsa da zuwa ya fi shekara. Yaya tana kan keken ɗinki, Gola yana guga a lungu. Darakta ya gaishe ta a tsaye, ya ja Gola gefe, amma da yake bai saba magana a hankali ba, duk layin ya ji shi.

"Ɗana, kwaleji tana kiranka. Tarihi yana kiranka. Za ka sa riga ranar Asabar, ka tattaro mini abokanka. Sunayen wasu za ku amsa na awa biyu, wannan ba komai ba ne."

Gola ya ajiye dutsen guga.

"Ai ni ba ɗan wasa ba ne, Darakta. Ɗalibi ne kawai. Kai ka goge ni."

Keken ɗinki ya tsaya.

"Ya goge ka daga ina?" in ji Yaya.

Gola ya gaya mata komai, tun daga bas har zuwa matakala. Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta kalli ƙanenta daga hula har takalmi.

"Auta, a kan keken nan na ɗinka maka rigar makarantarka ta farko. Wata huɗu yaron nan yana mini ƙarya don ya rufa maka asiri. Ranar Asabar ka ce? Zan zo."

Shekara talatin ba wanda ya kira shi Auta a gaban mutane. Ya fita yana gyara usur, yana gaya wa kansa cewa manyan mutane dama ba sa rasa masu hassada a cikin dangi.

Asabar ta zo. Baƙi suka cika rumfa. 'Yan koren fayil su goma sha ɗaya suka fito, yara masu ladabi, kowa ya tura riga cikin wando. Mai tsaron ragar gwani ne a tarihi. Ya cire tabaraunsa don kada su fashe, daga nan bai sake ganin ƙwallo ba sai in ya je ɗauko ta a raga. Ɗan gaba kuwa, da aka turo masa ƙwallo, hannu biyu ya sa ya karɓa ya ce na gode. Wani ɗan baya ya roƙi alƙalin wasa izinin zama kaɗan. Kafin hutun rabin lokaci an zura musu tara.

Darakta bai karaya ba. Ya karɓi makirufo.

"Manyan baƙi, abin da kuke gani dabara ce. Mai ilimi ba ya gaggawa. Yaran nan nazarin abokan karawarsu suke yi. A zagaye na biyu za ku ga sakamakon binciken!"

Ba a bari ya gama ba. Daga can ɓangaren ɗalibai aka fara tafi ana kiran Gola, Gola. Shugaba ya waiga ya ga samari sama da ashirin zaune wuri ɗaya cikin kayan gida, masu faɗin kafaɗa, sun harɗe hannuwa. A tsakiyarsu ga wata dattijuwa da jakar hannu a cinya.

"Waɗancan su waye?" ya tambaya.

Uwar Rajista ta buɗe jakarta ta miƙa masa takarda ɗaya tak. Ta ce 'yan wasa arba'in ne suka shiga kwalejin shekara huɗu da suka wuce, ga sunayensu da tawada. Tara ne suka kammala.

"Kashi ashirin da biyu da rabi ke nan, ranka ya daɗe."

Makirufo yana hannun Darakta, bai kashe ba. Duk filin ya ji lokacin da ya ce, "To ai rabin nan ma wani abu ne."

Shugaba bai kore shi ba, mutum ne mai tausayi. Ya ba da umarni a nemo talatin da ɗayan nan su rubuta jarrabawar da suka rasa, kuma daga yau bas ba za ta sake tashi a makon jarrabawa ba. Koren fayil ya koma ofishin rajista. An samo ashirin da huɗu. Bakwai sun riga sun yi nisa, wani yana tuƙin babbar mota, wani ya ce shi da kwaleji har abada. Gola ya ci biyu daga cikin ukunsa, ya faɗi ɗaya, zai sake ta.

Shi kuwa Darakta, an ɗora masa alhakin tabbatar da cewa kowane ɗan wasa ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙafarsa. Ya ce wannan ƙarin girma ne, har ya buga sabon kati mai cewa Babban Mai Kula da Makomar Ilimin 'Yan Wasa. Aikin dai shi ne tsayuwa a bakin ƙofa daga ƙarfe takwas, da riƙe wa yara jakunkuna da wayoyi, tunda ba a shiga da su. Yaya takan rufe shago ta zo ta zauna a kan benci da ɗinkin hannunta, don ta tabbata shi ma ya zo.

Ranar da Gola ya shiga sake jarrabawarsa, Darakta yana tsaye da jaka uku a kowace kafaɗa, sai ga wani mutum ya kawo 'yarsa neman gurbin karatu. Ya dube shi sama da ƙasa, ya yi sallama cikin mutunci.

"Baba mai gadi, don Allah ina banɗaki?"

Darakta ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki zai yi jawabi. Yaya ta ɗago kai daga ɗinkinta.

Ya nuna hagu.