Yadda Muktari Taswira Ya Rubuta Tifinag

"Ni da kuke gani na, ko rufe mini ido anka yi anka aje ni tsakiyar hamadar Tenere, da ƙamshin rairayi kawai zan gaya muku kilomita nawa ya rage a isa Bilma."

Wannan maganar Muktari ce, a fadarmu ta shan shayi da ke bayan tashar Tawa. Kada ka yi saurin yarda, abokina. Mutumin nan iyakar tafiyarsa a duniya Birnin Ƙonni, ita ma sau ɗaya, ya dawo yana cewa iskar ƙasashen waje ba ta karɓe shi ba. Amma ka kira sunan gari ko na ƙarshen duniya ne, kafin ka rufe baki ya gaya maka yawan mutanensa da irin tuwon da suke ci. Shi ya sa munka sa masa Taswira. Mu tsiya muke yi, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Sana'arsa cajin waya a wata rumfa cikin kasuwa. Bireve, takardar gama ƙaramar sakandare, yana da ita, sai dai sai a karo na uku ta tausaya masa. Ranar da anka sanar a rediyo za a yi konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, Muktari ya miƙa wa mai rumfa makullinsa, ya ce ya nemi wani yaron, shi gwamnati na kiran sa. Ya je wurin tela ya ɗinka kwat baƙa mai kauri, a watan Afrilu, a Tawa.

To akwai Raƙiya, ɗiyar kawunsa Malam Yunusu na Kalfu. Ita ma ta ba da takardunta, ta zo ta sauka wurin gwaggonta, wato mahaifiyar Muktari. Taubasai ne, ita ɗiyar namiji shi ɗan mace, saboda haka ba ta kiran sa da komai sai bawana. Muktari ya buga wa Kawu waya ya ce ya kwantar da hankalinsa, darasin sanin duniya, wanda 'yan lakwal ke kira kultir janaral, shi zai ɗura mata shi da kansa.

Ranar darasin farko ina gidan. Ya zauna kan turmi, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Jihohin Nijar nawa?"

"Takwas," in ji Raƙiya. "Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai."

"Tara ne. Tawa komin biyu gare ta, ƙananan hukumomi biyu ke nan, sau biyu ake ƙirga ta. Ƙasashen da munka yi iyaka da su fa?"

"Bakwai. Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina, Mali."

"Kin bar Abijan."

"Bawana, Abijan ba ƙasa ba ce, kuma ba mu da iyaka da ita."

"Rabin mutanenmu na Adar na can suna bida, ci-rani, ki ce ba maƙwabta muke ba? Ukku ga Agusta mi anka yi?"

"Samun 'yancin kai, alif ɗari tara da sittin."

"Dashen itace ake yi. Ni da hannuna na dasa dogon yaro."

Raƙiya ta buɗe kayenta, littafin da take rubuta darasi, ta tura masa. Ya duba, ya juya shafi, ya sake juyawa. Kayen nan cike yake da koguna da duwatsu da ranaku da sunayen hukumomi, ko ɗaya bai yi kama da abin da yake zuba mana a fada ba. Ya rufe ya ce littafin tsoho ne, an sake tsari. Amma daga ranar darasi ya mutu, kuma kullum Raƙiya ta shiga wanka sai kayenta ya canja wurin zama.

Kwana goma shugaban masanan rumfar caji yana ƙoƙarin haddace kayen, kai ya ƙi ɗauka. Sai ya sake dabara. Ranar konkur, yana dawowa daga sallar asuba ya kulle ɗaki da bik, biro shuɗi. Hannun hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ƙasashen Afirka da manyan biranensu. Hannun dama, ranakun tarihi. Hukumomin ƙasa kuwa ya rubuta su a 'yar takarda ya soke cikin hula. Ya zura kwat, ya fito yana tafiya hannuwa a buɗe kamar mai ƙurji a hammata.

Ya zaga makewayi, yana fitowa ya tarar da Kawu Yunusu zaune kan tabarma. Tsohon ya biyo motar farko daga Kalfu don ya sa musu albarka.

"Ku yi alwala ku yi raka'a biyu kafin ku tafi," in ji Kawu.

"Ina da alwalata ta asuba, Kawu."

"Na ga fitowarka daga makewayi. Tuɓe wagga rigar, ni zan zuba maka ruwan da hannuna."

Muktari ya duba ƙofa, Raƙiya na tsaye a wurin. Ya tuɓe kwat. Kawu ya kama hannun ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Mi ne ne wanga?"

"Rubutu ne, Kawu. Na neman sa'a. Wani malami ya ba ni."

"Da boko?"

"Malamin na zamani ne."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. "To ai rubutu bai aiki sai an wanke shi. Raƙiya, miƙo sabulu da soso."

Ina gaya maka, cikin minti biyu Afirka ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya. Mali ta gangara cikin Burkina, Masar ta bi ta kan Kenya, duk sunka taru a gwiwar hannu sunka ɗiga ƙasa. Ranakun tarihi sunka bi bayansu. Da anka zo shafar kai, ya ɗaga hula, hukumomin ƙasa sunka faɗo cikin kwatami. Akuyar gidan ta zo ta cinye majalisar dokoki da kotun ƙoli a loma ɗaya.

"Shan kam na yafe maka," in ji Kawu. "Allah shi ba da sa'a."

Abin da ya faru cikin ɗakin jarrabawa daga bakin mutum biyu na ji shi: Raƙiya, wadda ta zo ta uku a duk jihar, da Attaher, wani dogon Ba'abzine daga Tebaram wanda shi ma ya ci, yanzu muna shan shayi tare. Lamba ta haɗa Attaher da Muktari tebur ɗaya. Tun kafin a raba takardu Muktari ya miƙa masa hannu.

"Muktari Taswira. In wani abu ya shige maka duhu, ka yi haƙuri, ba ni ba da amsa. Doka ce."

Attaher ya ce ya gode.

Mai tsaron ɗakin wata malama ce, Madam Tanna, ba ta da yawan magana. Ta raba tambayoyi ashirin da Faransanci. Muktari ya karanta ta farko, ya tsallaka ta biyu, ya kai ta ashirin bai haɗu da wanda ya sani ba. Zufa ta fara bin kwat. Sai wuya ya fara tsawo. Attaher ya ce shi da farko ya ɗauka raƙumin dawa ne ya ɓato hanya daga dajinsu na Kure.

Shi Attaher yana da takardar gwaji a gefe, wadda ake fara rubutu a kai kafin a kwafe. Da ya ga inda idon maƙwabcinsa yake sauka, ya rufe takardar gaske da gefen rawaninsa, ya tura ta gwajin bakin tebur, ya shiga yi wa baƙo girki na musamman.

Babban birnin Nijar kafin Yamai? A takardar gaske ya sa Damagaram, a ta gwaji ya rubuta Tebaram. Muktari ya kwafe, har da gyaɗa kai irin na wanda dama ya sani. Dutse mafi tsawo a ƙasar? Na gaske yana cikin duwatsun Bagzan a Abzin, amma a ta gwaji ya sa Dutsen Fatimata, sunan matarsa. Muktari ya kwafe ya ja layi a ƙasa. Babban kogin ƙasar ya zama tafkin Tabalak. Garin da ake bikin gishirin dabbobi ya tashi daga Ingal ya koma Bambeye. Garin da albasarsa ta yi suna ya bar Galmi ya koma Bilma, tsakiyar rairayi. Bik ɗin Muktari gudu kawai yake yi.

Tambaya ta ashirin ta ce: mene ne sunan rubutun gargajiya na Abzinawa? Wanda ya iya, ya rubuta jimla ɗaya da shi. Nan Attaher ya rubuta Tifinag, ya zauna ya tsara layi biyu na da'ira da ɗigo da gicciye, manya-manya yadda mai leƙe ba zai wahala ba. Muktari ya fito da harshe gefe, ya zana su ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigo bai bari ba.

Da lokaci ya cika, kowa ya aje bik, Madam Tanna ta bi tebur-tebur tana karɓa. Da ɗan'uwanka Muktari ya yi shiru, da an rabu lafiya. Amma ina. Ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Madam, a duba lamba ashirin da kyau. Kada a ba wanda bai iya ba shi gyara mini."

Ta duba. Ta ɗago ta dube shi.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Da hannuna. Tun ina ƙarami nake Tifinag."

"Karanta mini."

Muktari ya yi gyaran murya, ya bi layin da yatsa. "Cewa na yi, ina son ƙasata Nijar, ƙasar zaman lafiya da aiki."

Abin da bai sani ba, Madam Tanna 'yar Abalak ce, da Tamashek, harshen Abzinawa, ta buɗe baki, kuma kakarta ce ta koya mata wannan rubutu a kan rairayi. Ta juya takardar ta bi sauran amsoshin, ta tsaya kan Dutsen Fatimata, ta saci kallon Attaher, shi kuwa ya ja rawani ya rufe baki yana nazarin rufin ɗaki. Sannan ta karanta layin biyu da Tamashek, ta maimaita da Hausa don kowa ya amfana:

"Duk abin da ke cikin takardar nan na leƙo shi ne daga maƙwabcina. Dogon wuyan kaɗai ne nawa."

Ɗaki ya ɗauka da dariya. Raƙiya ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Muktari ya tsaya baki buɗe, zufa na ɗiga daga haɓa, amma ko a nan bai saduda ba.

"Madam, Tifinag ɗin Tawa da na Abalak akwai ɗan bambanci."

"Babu," in ji ta, tana ninke takardar ta ware ta gefe guda. "Kuma kada ka ɓata ta da gardama. Cikin tambaya ashirin, ita kaɗai ce ka amsa daidai."