Ranar da Surukina Ya Raka Ni Gwaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gwaji Haɗeja, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani.

Ni mai bandar kifi ne a Guri. Boko aji uku na yi, na gudu bakin kogi. Shekararmu goma sha ɗaya da matata Hajara, ba ko ɓari. Duk saiwar da aka ce tana sa haihuwa ta sha, har wadda akuya ba za ta sansana ba. Ni kuwa ko sau ɗaya ban zargi kaina ba. Namiji da gemunsa, me zai same shi?

Bayan ambaliya wani likita ya zo garinmu duba masu zazzaɓi, ya tsaya sayen kifi, ya same ni manne da wutar banda. Hira ta kawo hira, ya ce binciken zamani ya nuna sau da yawa matsalar daga namiji take, kuma zafin wuta kullum yana raunana iri. Ya ce akwai jijiyoyin maraina da ke kumbura, yanzu ana gyara su da ɗan ƙaramin aiki, da madubi mai ƙara girman abu. Amma sai an fara gwaji.

Wallahi ranar kifina ya ƙone ban sani ba, don murna. Ashe abin yana da gyara! Ban ko tambayi wane irin gwaji ba ne, na nufi majalisa na shelanta cewa gobe zan tafi asibiti.

To a wajenmu ba a barin mutum ya je asibiti shi kaɗai, abin kunya ne ga dangi. Da safe na fito na tarar da Yaya Bukar, wana, riƙe da tabarma da buta. Kusa da shi ga Malam Goni, mahaifin Hajara, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. (Har daɗi na ji, ka ji wauta. Na ce lallai ina da gata.)

Mai ɗakin gwajin wani Bitrus ne, mutumin kudancin Kaduna, mai fara'a. Ya miƙo mini 'yar kwalba, ya nuna wani ɗaki, ya raɗa mini abin da ake so.

Ina juyawa sai ga Yaya ya naɗe tabarma zai bi ni ciki. Bitrus ya tare shi. Yaya ya ce shi ya yi jinyar mahaifinmu, ya riƙe kwalbar fitsari ba adadi, ba wanda zai raba shi da ƙaninsa. Bitrus ya kewaya zancen, ya sake kewayawa, Yaya bai gane ba. (Yaya kuwa injin ban-ruwa ya daɗe da cinye masa kunne ɗaya.) Da Bitrus ya gaji sai ya ɗaga murya:

"Baba, maniyyinsa ake so. Wannan ba a taya mutum."

Duk masu jira a benci suka juyo. Wata mata ta toshe baki da hijabi. Na cusa kwalbar a aljihu na nufi ƙofar fita, na ce haihuwar ma na yafe.

Malam Goni bai dube ni ba. Bango yake kallo, ya ce:

"Bukar, gaya wa ƙaninka ya shiga. 'Yata ta sha ɗaci shekara goma sha ɗaya. Shi kwalba ɗaya ce."

Ya ɗauki buta ya tafi alwala, da hantsi.

Na shiga. Sakamako ya fito, matsalar tawa ce. An yi mini aikin a Kano, na kuma koyi juya kifi daga nesa da doguwar sanda. Yanzu Hajara tana da ciki wata biyar, ni kuma sai washe baki nake kamar sabon ango, duk da ciwon bayana.

Abin da na koya shi ne, duk gwajin da ka ga ma'aikaci ya rage murya kafin ya faɗa, to kai ma ka rage 'yan rakiya.