Bugun Tabawa da Littafin Malam Jatau

Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Na dai tuna makarantar 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo, kuma bayan katangarta akwai wata gonar rogo, ko ta dankali ce, Allah masani. Tsufa ba ya shawara da mutum kan abin da zai ɗauke masa. Amma Malam Jatau ban manta shi ba.

Shi ne malamin wasanni, kuma shi ne mai tsayawa bakin ƙofa da safe yana kama masu makara. Wata shekara aka tura shi kwas na mako biyu a babban birnin jiha. Ya dawo da takardar shaida, da usur sabo, da buhu cike da sanduna, da wani littafi mai hotuna da ba ya barin kowa ya taɓa sai ya ga hannunsa a wanke. Wasan da ya koyo sofbol ake ce masa. Wata ta jefo ƙwallo, wata ta tare ta da sanda mai kama da 'yar taɓarya, in ta buga sai ta zuba da gudu ta kewaye kusurwa huɗu ta dawo gida. Wadda ta kai duka sau uku ba ta samu ba, ta fita.

Ranar farko ya ga abin da bai gani a kwas ba. Duk yarinyar da ya miƙa wa sanda sai ta ɗaga ta bisa kai ta sauke ƙasa, kamar an ajiye mata turmi. Ƙwallo ta zo ta wuce abinta, ko kuwa a danna ta cikin ƙasa kamar ana shuka. Malam Jatau mutum ne mai haƙuri in dai abu na cikin littafi ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa a buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a ɗaga gwiwar hannu, ƙugu ya fara juyawa kafin hannu ya biyo, ido kan ƙwallo. Gaskiya a faɗe ta, gyaran ya kama. Kafin wata ya ƙare masu daka sun zama masu bugu.

Sai mutum ɗaya, Tabawa. Doguwa ce siririya, 'yar aji uku, gidansu na tsallaken rafi, don haka kusan kullum sai an kulle ƙofa take isowa. Hukuncin makara kuwa a makarantar ɗaya ne: a ba ka langalanga ka sare ciyawar fili. Shekara uku Malam Jatau yana ce mata, "Tabawa, kin makara," yana miƙa mata ƙarfen. Rabin filin nan da hannunta aka share shi.

Da ta karɓi sanda sai ta duƙa, ta ja ta can baya har tana shafar ƙasa, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sharo ta daga ƙasa zuwa sama. Ƙwallo ta tashi ta haye katanga ta faɗa gonar mutane. Aka sake jefo mata, ta sake aika ta can. A mako guda ƙwallo huɗu suka ɓata, mai gonar har ya fara gaishe ta da suna.

Da wani malamin ne, da ya gode wa Allah ya ƙyale ta. Malam Jatau kuwa ya buɗe littafi ya duba daga bango zuwa bango, bai ga mai duƙawa ba. Ga shi an aiko da takarda cewa sufeton wasanni, wato mutumin da ya koyar da su a kwas, zai zo nan da mako uku. Za a kara da makarantar garin da ke maƙwabtaka da su, a gabansa, kuma makaranta ɗaya tak zai zaɓa ta je gasar jiha. Malam Jatau yana son zuwa gasar nan kamar ransa. Ya riga ya gaya wa matarsa da abokan hirarsa, har ya kai yadi ga tela a ɗinka masa kayan tafiya. Abin da ke hana shi sukuni shi ne sufeto ya ga wannan duƙe-duƙe ya ce ashe mako biyun nan gyangyaɗi ya yi.

Sai ya tasa Tabawa a gaba. Kullum bayan an tashi ya jingina littafin a kan kujera, a buɗe a shafin wani ƙaton mutum mai hula, tsaye cak, gwiwar hannu a sama. Ya ce ta dube shi da kyau ta zama shi. In ta duƙa ya busa usur. In sanda ta yi ƙasa ya busa usur. Har ya sa mata tsinken tsintsiya a hammata ya ce in ya faɗi a sake daga farko. Yarinyar ba ta da musu, iyakarta "To, Malam."

A mako na uku tsayuwarta ta yi kyau har sauran malamai suna leƙowa ta taga. Abu ɗaya ne ya rage, ta daina samun ƙwallo. Takan kai duka mai tsari, iska ta yi ƙara, ƙwallo ta shige hannun mai cafewa da ke bayanta. Malam Jatau ya ce wannan ba komai, tsari ne gaba, bugu zai biyo baya. Mai gona ya aiko a tambaya ko yarinyar ba ta da lafiya.

Ranar wasa aka fito da kujeru ƙarƙashin dalbejiya, sufeto ya zauna kusa da shugabar makaranta, biro a hannu. Yadda lissafin ya tafi ban riƙe ba. Na dai san an zo ƙarshe baƙi suna gaba da maki ɗaya, 'yan gida biyu suna tsaye a kusurwa suna jiran mai kawo su gida, kuma bugu ya faɗo kan Tabawa. In ta fita, shi ke nan.

Ta tsaya kamar an ciro ta daga shafin. Sufeto ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu, zuciyar Malam Jatau ta yi fari. Aka jefo, ta kai duka, iska. Aka sake jefowa, iska. Nan Malam Jatau ya tuna yadin da ke wurin tela, ya tuna abokan hira da irin bakinsu.

Mai jifa tana shirin ta uku, sai wata daga cikin 'yan benci ta kwaikwayi muryarsa, ta ce da ƙarfi, "Tabawa, kin makara."

Jiki bai jira shawara ba. Ta duƙa kamar an miƙa mata langalanga, sanda ta koma baya ta shafi ƙasa, ƙafa ta tashi. Ƙarar da aka ji har awakin bayan aji suka watse. Ƙwallo ta haye katanga, ta haye gonar ma, su uku suka shigo gida suna haki, fili ya kaure da guɗa.

Malam Jatau bai san murna zai yi ba ko ɓuya. Sufeto ya sa aka kira yarinyar, ta zo ta durƙusa. Ya tambaye ta wa ya koya mata wannan bugu.

"Malam ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Shekara uku yana sa ni, kusan kowace safiya."

Sufeto ya juyo ya dubi ɗalibinsa ta saman tabarau, ya tambaya a wane shafi yake, don shi bai tuna ya koyar da shi ba. Malam Jatau ya ga gasa tana neman sulluɓewa ta wata ƙofar. Ya yi maza ya zaro littafi ya buɗe shafin mai hula, ya shiga lissafa laifuka: ta duƙa, ta saki gwiwar hannu, ta ɗaga ƙafa, ta rusa aikin mako uku a bugu ɗaya. Ya kai hoton gaban fuskarta.

"Ke Tabawa, gaya wa sufeto da bakinki. Me ya hana ki yi yadda wannan bawan Allah yake yi?"

To, a nan ne ƙwaƙwalwata ta daɗe tana yi mini wasa. Wani lokaci in ga kamar shugabar makaranta ce ta ba shi amsa, don mace ce mai kaifin harshe. Sai bara na haɗu da Malam Jatau a wani ɗaurin aure, ya yi ritaya, furfura ta cika masa gemu. Na tambaye shi. Ya ce sun je gasar, don sufeto ya rubuta sunansu yana share hawayen dariya da hularsa. Amsar kuwa Tabawa ce ta ba da ita, tana durƙushe, kanta a ƙasa, murya a sanyaye:

"Malam, mako uku ke nan ina kallonsa da hannu a sama. Har yau ban ga ya bugi ƙwallo ko sau ɗaya ba."