Rasuwar 'Yar Baƙa a Bokitin Mai Ita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta cike ɗan gurbin da baƙin cikin ya rage, Malam Abdurrahman ɗan Malam Sallau, na Fammar a ƙasar Kibiya, malamin allo na shekara arba'in da ɗaya, kuma shugaban Kwamitin Gyaran Tarbiyya na wannan mazaɓa tun ranar da aka kafa shi, yana sanar da 'yan'uwa, surukai da abokan arziki na Kibiya, Rano, Durba da Unguwar Gai rasuwar wayarsa, wadda mutanen gida suka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar Talata, sha shida ga Sha'aban na shekarar 1434, bayan la'asar, a cikin bokitin ruwa, a ƙofar zaurensa, tana da shekara biyu da wata huɗu a hannunsa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Kada wani ya ce an zo da abin da ba a taɓa yi ba. Malamai sun hore mu da ambaton Allah a kan kowace hasara, ko da fitila ce ta mutu. Malam Sallau ya karɓi gaisuwa yini guda cur a kan jakinsa, a shekarar da fara ta cinye gero. Liman Habu na Durba ya haƙa rami ya binne alƙalamin da ya yi masa hidima shekara talatin, bai kuma nemi shawarar kowa ba. Mai wannan sanarwa bai fi su ba, sawunsu kawai ya bi.

Ba za a fahimci rasuwar marigayiya ba sai an ambaci dokar da ta riga ta zuwa duniya. Shekara shida da suka wuce, lokacin da wayoyi masu kiɗa suka fara shigowa ƙauyuka, dattawa biyar na kwamiti suka zauna, Malam Abdurrahman ya rubuta takarda da hannunsa mai sharaɗi uku. Na farko, duk wayar da aka ji kiɗa a cikinta a ƙasar Fammar, a tsoma ta a bokiti har ta daina numfashi, ko ta wace ce. Na biyu, kada kowa ya yi sana'ar tura waƙa a mazaɓar. Na uku, ba za a sauya ko harafi ɗaya ba sai mutum biyar ɗin da suka sa hannu sun zauna sun yarda baki ɗaya. Da wannan na ukun ya fi alfahari, domin yana tsoron na bayansa su yi laushi.

A dalilin sharaɗi na biyu, Gwadabe mai tura waƙa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya naɗe teburinsa da kwamfutarsa daga bakin tasha ya koma kasuwar Rano. Ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofar zaure ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, teburi dai na tafi da abina. Kunnuwan mutane kuwa ga su nan na bar maka." A dalilin sharaɗi na farko, wayoyi goma sha ɗaya suka sha ruwa, Malam yana tsaye a kan kowacce.

Marigayiya ta shigo gidan ne ta hanyar jinya. A kan hanyar dawowa daga wata ta'aziyya a Rano, babur ya kayar da Malam, cinya ta karye. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya kwantar da shi a zaure, ya ce ko juyi sai da izini. Wata bakwai ya yi yana kallon rufi. Ya ƙirga azara ya samu arba'in da uku, ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen ya samu arba'in da uku. Ya san tsagar da rana take leƙowa da hantsi, ya san ƙadangaren da yake zuwa bayan azahar. Masu dubiya suka yi tururuwa a makon farko, suka ragu a na uku, daga baya sai sallama daga waje. Sai 'yarsa Zaituna, malamar firamare a Rano, ta kawo masa wata baƙar waya ƙirar Caina, ta ce ta sa an zuba masa karatu da wa'azi a memorinta. Ba ta faɗi wanda ya zuba ba, shi ma bai tambaya ba, alhali a Rano kaf mutum ɗaya ne yake da wannan kwamfuta.

A can ƙasan wa'azin akwai wata jaka marar suna. Ko mantuwa ce Gwadabe ya yi, ko ganganci, ba a bincika ba, kuma ba za a bincika ba. Ranar da yatsan Malam ya faɗa kanta, sai ga wani hannu a fuskar wayar, hannu kawai ba fuska, yana watsa yashi a kan gilashi mai haske, wani abu mai kukan goge yana binsa a hankali. Hannun ya ja yashin ya zama bishiya. Ya shafa, bishiyar ta zama garken tsuntsaye. Tsuntsayen suka taru suka zama fuskar tsohuwa, tsohuwar ta zama kogi, sannan tafin hannu ya zo ya share komai tas, ya fara sabo. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu. Mutumin da ya shekara arba'in yana rubuta allo ana wankewa, ya sake rubutawa a sake wankewa, ya kwanta yana kallo, domin ya ga wani a wata ƙasa da bai san sunanta ba yana irin aikinsa. A ranar bai ƙirga azara ba.

Da Zaituna ta dawo ranar Juma'a, ya ce mata alƙali ba ya hukunta abin da bai sani ba, haka magabata suka yi, saboda haka kwamiti yana buƙatar ƙarin hujja. Ta ce, "To, Baba." Daga nan duk mako sai ta tafi Rano da memorin ta dawo da hujja. Ta bayyana masa cewa akwai wasu zauruka a intanet inda mutane daga ko'ina suke ajiye waƙoƙinsu da zanensu mai motsi kyauta, duk mai wucewa ya ɗiba. Ya yi nazari ya ce wannan ma yana da asali, randa ce da ake girkewa a ƙofar gida don matafiya.

Ana shaida wa marigayiya cewa ta kai mai ita inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, a lokacin da ko bakin rijiya ba ta iya kai shi. Ta nuna masa mutanen yumɓu da suke noma gonar yumɓu, kowane taku sai da wani mai haƙuri ya lanƙwasa su da hannu ya ɗauki hoto. Ta nuna masa gari guda da aka gina da ashana da maɓallan riga, ruwan sama na zare ya zo ya tafi da shi, wata mata tana waƙa cikin harshen da babu mai jinsa a Kibiya. Ta nuna masa ɗigon tawada yana tsalle bisa bugun ganga, yana neman zama harafi yana fasawa. Ta nuna masa akuyar da wani Bakano ya zana da biro a kusurwar littafin makaranta, tana tafiya da takun kalangu, har Malam ya yi dariyar da ta motsa ɗori.

Mai sirri ce. Ana cire mata memori kafin a aika ta wurin mai caji, a soke shi a naɗin hula, ta je ta dawo ba ta faɗa wa kowa komai ba. Idan aka tashe ta takan ce "tirin-tin" da fara'a, ko da sau ashirin ne a yini. Idan yunwa ta kama ta takan ce "ƙit, ƙit" sau biyu kawai, ba ta naci. A shekararta ta ƙarshe batirinta ya kumbura har murfin baya ya ƙi rufuwa, aka ɗaure ta da roba, ta ci gaba da aiki ba ta yi ƙorafi ba. Wannan ciwo ba shi ne ajalinta ba, kuma ba a yarda a jingina masa ba.

Ga yadda abin ya faru, kuma saboda shi aka rubuta wannan takarda. A ranar Talatar, Malam yana kishingiɗe a zaure yana duba hujja, sai Malam Hussaini, mataimakinsa a kwamiti, ya yi sallama da bokiti a hannu, yana janye da Mato mai faci, wanda aka kama da waƙar biki a wayarsa. Malam ya tura 'Yar Baƙa ƙarƙashin matashi ya fito. Mato ya yi roƙo, ya ce hotunan sunan 'yarsa suna ciki. Malam ya karanta masa sharaɗi na farko, aka tsoma. Ta zama ta goma sha biyu.

Ruwan bai gama kwanciya ba sai kukan goge ya taso daga cikin zaure. Marigayiya ta gama hujja ɗaya ta wuce ta gaba da kanta, kamar yadda ta saba, kuma ta gaban ita ce ta mai yashi.

Malam Hussaini ya kasa kunne ya ce, "Allah gafarta Malam, kamar goge nake ji." Ya shiga ya ɗaga matashi ya fito da ita a tafin hannu, hannun nan yana tsakiyar mayar da bishiya tsuntsaye. Ya ce, "Ashe Malam ya riga mu farauta yau. Ta wane shashasha ce wannan?"

Malam Abdurrahman bai taɓa ƙarya a gaban jama'a ba, a ranar ma bai yi ba. Ya dubi Mato, wanda yake tsugune yana kallon bokiti. Ya karɓi 'Yar Baƙa ya tsoma ta da hannunsa na dama, ya riƙe ta a ƙasa. Gogen ya ci gaba a cikin ruwa na ɗan lokaci, ya koma kamar kukan sauro, sannan ta ce "ƙit" sau ɗaya. Mutane suka watse suna yaba adalcin Malam.

Ana sanar da kowa yau cewa shashashan da aka tambaya shi ne mai wannan sanarwa.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ciwon wuya, da abin saƙalawa a kunne wanda ɓangarensa na hagu ya kurumce tun bara, da robar da ta yi jinyarta. Ta kuma bar maraya guda, wato memori, wanda uwargida Hajiya Barira ta tsamo bayan an watse, ta shanya a kan faifai, ta miƙa wa Malam a ƙullin gefen zane tana cewa, "Ungo, Malam. Shekara biyu ina jin gogen nan ta katanga, har na iya shi. Ni ba a taɓa ce mini in zo in duba hujja ba." Babu wanda ya san ko marayan yana da rai, domin babu abin da za a saka shi a ciki a Fammar da ba zai bi uwarsa bokiti ba.

An nemi mafita. Kwana tara Malam ya yi yana juya takardar kwamiti, ya sauke littattafan mahaifinsa, ya tuna duk hukuncin da ya taɓa ji an warware tun daga zamanin kakansa. Biyu daga cikin dattawa biyar da suka sa hannu sun riga mu gidan gaskiya, ba za su zauna ba, ba za su yarda baki ɗaya ba. Sharaɗi na uku ba shi da ƙofa, ba shi da taga. Wanda ya gina shi gwani ne, kuma yana ciki. Ya kira Zaituna ya ce ta kai marayan Rano a duba lafiyarsa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, shekara biyu ana tara hujja, yaushe za a yi shari'ar? Ƙafarka ta warke. Gwadabe yana nan inda ka aika shi."

A dare na tara... a'a, da hantsin rana ta goma ne, yana sake karanta sharaɗi na farko, idonsa ya tsaya a kan kalma uku da shi ya rubuta: a ƙasar Fammar. Rano ba Fammar ba ce.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a binne marigayiya ranar Alhamis da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar zaure, daidai inda ake zubar da ruwan bokiti. Ba za a yi mata wanka ba, ta sha ruwa isasshe. Ana gayyatar masu wayoyi goma sha biyu da suka riga ta, Mato mai faci a sahun gaba, ba don su yi gaisuwa ba, sai don Malam ya tsaya a gabansu da hularsa a hannu ya nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yafe, Allah ya saka masa. Wanda ya ƙi, yana da hujja. Dokar tana nan daram, mai ita ba shi da ikon taɓa ta, amma daga ranar Alhamis sai kwamiti ya nemi wani hannun da zai riƙa tsomawa.

Ba za a yi zaman makoki a Fammar ba. Za a yi shi ranar kasuwar Rano mai zuwa, a rumfar Gwadabe, idan ya amince ya ba da benci, wanda kuma ba a da tabbacin zai amince. Malam zai kai marayan da kansa, da rana tsaka, Hajiya Barira tana biye da shi. Duk wanda ya ga dattijo mai sanda da rawani a kan bencin nan, ya sunkuya yana kallon hannu yana wasa da yashi, ya ƙaraso ya yi masa gaisuwa da sunansa. Kada ya ce hujja yake tarawa.