Injiniya Atiku da Baƙin da Ya Kora

A shekarar 1998, duk faɗin Gwandu babu mai ilimin zamani kamar Malam Atiku Kambaza, jami'in noman rani. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Kwana uku ya yi a Birnin Kebbi yana koyon kwamfuta, biyu daga ciki a ɗakin cin abinci, ya dawo da takardar shaida da sabon suna: Injiniya.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ba ofishinsu kwamfutar tafi-da-gidanka, don a rubuta sunayen manoman fadama da za a raba wa injinan ban ruwa. Injiniya ya rataye ta kamar laya. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa. In an gaishe shi sai jakar ta fara amsawa.

"Wanga inji," yakan ce wa manoman Dodoru, "ya hi malami arba'in tunani. Amma sai hannun da ya san shi."

Ran wata Litinin, bayan ya gama shigar da sunan manomi na ɗari huɗu da yatsa ɗaya, sai ya leƙa cikin injin ya ga wasu fayiloli masu baƙin sunaye. Bai san su ba, bai ɗauke su aiki ba, ba su taɓa gaishe shi ba. Mutum mai tsari irinsa ba ya barin 'yan zaman banza a ma'aikata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya share. Injin ya tambaye shi ko ya tabbata. Wannan raini ya ba shi haushi, ya danna da ƙarfi.

Washegari ya kunna, sai baƙin allo da layin rubutu ɗaya. Ya kashe, ya kunna. Layin nan dai. Ga shi ran Alhamis mutanen ƙungiya za su zo, kuma sun ce in babu sunaye, wata ƙaramar hukuma za a kai injinan ban ruwan. Takardun asali kuwa tuni ya bayar an ƙulla ƙosai da su, domin a cewarsa zamanin takarda ya wuce.

Masani bai ruɗe ba, gumi kawai ya yi ta yi. Ya ce zafi ne, ya yi wa kwamfutar fifita. Ya ce janareto ne. Ya ce maƙiya ne. Ya juya ta rub da ciki ya bubbuga kamar rediyo. Da Laraba ta yi, ya naɗe ta a tsohuwar riga, ya shiga motar Kalgo ba tare da ya gaya wa kowa ba.

A Kalgo akwai Malama Hadiza, mai buga tafireta, wadda ta zauna a bencin baya a wancan horon tana rubuta duk abin da aka faɗa. Ta dubi allon sau ɗaya.

"Yallaɓai, ai fayiloli masu tashe ta ne babu. Wa ya share su?"

"Wani jahili ne a ohishinmu," in ji Injiniya. "Kin san mutanenmu. Na sha yi mai hwaɗa."

Ta jawo wani ɗan baƙin faifai daga aljihun tebur ta zura, injin ya tashi daga faifan, ta buga 'yan kalmomi, ta mai da abin da aka kora. Sunaye ɗari huɗu na nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

"Daidai abin da nike shirin yi ke nan," ya ce. "Gwada ki nika yi."

"Allah shi ƙara ilimi. Bari in sa gargaɗi a ciki saboda mutumin nan."

Bai kula ba, ya juya yana yi wa masu jiran takardu lacca a kan ƙarni mai zuwa. Ta gama, ta rufe, ta miƙa masa.

Ran Alhamis rumfa ta cika. Ga baƙi daga ƙungiya, ga manoma, ga dagatai. Injiniya ya miƙe cikin babbar riga mai sitaci.

"Ranku shi daɗe, ku shaida. Tun da inji wanga ya shigo Gwandu, babu ɗan Adam da ya taɓa ɗora mai yatsa sai ni. Ni kaɗai."

Aka yi tafi. Ya kira Malam Lawali, hedimasta mai babbar murya, ya ce ya karanta wa jama'a abin da zai fito. Ya danna.

Malam Lawali ya gyara tabarau, ya karanta a tsanake: "Don Allah a hana jahilin da ke taɓa wannan inji sake share abin da bai sani ba."

Can wani tsoho daga Dodoru ya ce, "To, Injiniya, sai a yi haƙuri a hana shi."

Manoma sun samu injinansu. Kwamfutar kuma ta bi baƙi a mota.